Duk inda na nemi gurbin binciken hutu an ba ni haƙuri, in biya wannan kamfanin?

Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Dan Allah a sakaya sunana. Ni ɗaliba ce a jami'a, ina aji uku, ina karantar kiwon lafiyar al'umma. Tun bara nake jin 'yan ajinmu na maganar shirye-shiryen bincike da ake yi lokacin dogon hutu, wai mutum ya je wata jami'a ko cibiya ya yi kamar wata biyu yana aiki da manyan masu bincike har a ba shi alawus. Bana na zage na cike fom-fom, wasu suka ce ban cika sharaɗi ba, wasu suka ba ni haƙuri, wasu ko amsa babu. Ƙawata ta samu, ina taya ta murna amma wallahi abin na ci na a rai. Makina ba laifi sai dai ba na cikin na sama-sama, kuma ban taɓa yin wani bincike ba balle in rubuta a CV. Yanzu wani kamfani ya turo min saƙo wai an zaɓe ni, in biya kuɗi su ba ni horo ta intanet na sati shida da satifiket, kuma su sa sunana a takardar da za a buga a mujalla. Kuɗin da kauri amma Baba ya ce in dai zai amfane ni zai nemo. In biya ko in haƙura? Kuma haka zan zauna hutun nan ba abin da na yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara da na gaggawar tunda kuɗin Baba na ciki: kar ki biya, ko sisi. Ki lura da kyau, ba ki nemi wajen nan ba su suka nemo ki, kuma suka ce "an zaɓe ki" alhali ba su ga aikinki ko ɗaya ba. To da me aka zaɓe kin? Shirin bincike na gaske shi yake biyan ɗalibi, ko aƙalla ba ya karɓar komai a hannunsa, domin aiki zaki je ki yi musu. Akwai dai jami'o'i na gaske masu buɗe makarantar hutu ta kuɗi, amma su a fili suke faɗa cewa darasi ne suke sayarwa, ba sa yi wa kowa alƙawarin suna a mujalla. Wannan alƙawarin shi ne ya tona asirin mutanenki. Mujallun likitanci suna bin ƙa'idar kwamitin editoci da ake kira ICMJE, kuma sharuɗɗa 4 suka gindaya kafin sunan mutum ya hau takarda: ya ba da gudummawa mai tsoka wajen tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya sa hannu wajen rubutawa ko gyarawa, ya amince da kwafin ƙarshe, sannan ya yarda a tuhume shi in an ga matsala. Babu inda aka ce ya biya kuɗi. In kina son ki gamsar da kanki ki tambaye su sunan malamin da zai duba aikin da jami'ar da yake, ki je shafin jami'ar ki neme shi, sannan ki tambayi sunan mujallar ki duba ko tana cikin PubMed ko DOAJ, rumbunan intanet da ke jera mujallun da aka tantance. Yawanci daga nan amsarsu take fara tsawo ba ma'ana. Kuma abin da ya fi asarar kuɗin muni shi ne ranar da zaki nemi digiri na biyu wani farfesa ya ɗaga takardar ya ce yi min bayanin teburin alƙaluma na biyu, ke kuma ba ki taɓa ganin bayanan ba. Gara CV ɗin da ba komai a kan wannan.

To yanzu maganar haƙurin da aka ba ki. Waɗanda suka ce ba ki cika sharaɗi ba, ina kyautata zaton ba makinki suka duba ba ma, takardar ƙasa ce ko jami'ar da kike. Da yawa daga cikin shirye-shiryen da suka yi suna kuɗin gwamnatin ƙasa ɗaya ne, don haka 'yan ƙasar ake yi wa. Shirin hutun bazara na cibiyoyin lafiya na Amurka, NIH, wanda babban reshensu ke Bethesda a jihar Maryland, na 'yan Amurka ne da masu katin zama na dindindin. Haka shirin REU na hukumar kimiyya ta Amurka, NSF, inda ake tara ɗalibai kamar 10 a jami'a guda na sati 8 zuwa 10, haka kuma SIBS mai koyar da ƙididdigar lafiya. RISE na hukumar DAAD ta Jamus shi jami'arki yake dubawa, an gina shi ne domin ɗaliban jami'o'in Amurka da Kanada da Birtaniya da Ayalan. Mitacs Globalink na Kanada sati 12 ne, kuma yana da jerin ƙasashen da ya ƙulla yarjejeniya da su, in ƙasar jami'arki ba ta ciki ba yadda za a yi. Amgen Scholars an kasa shi yanki-yanki, kowane yanki da nasa sharaɗin, kuma galibi aikin ɗakin gwaje-gwaje ne ba na al'umma ba. Kinga wanda ya kwana yana goge wasiƙarsa bai karanta shafin sharuɗɗa ba ya wahalar da kansa a banza, kwamfuta ce zata tace shi kafin ido ya gani. Daga yau duk shirin da kika buɗe, shafin "wa ya cancanta" zaki fara dubawa kafin hotunan ɗalibai masu murmushi su ɗauke miki hankali.

Waɗanda ƙofarsu ta fi faɗi akwai su. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, tana ɗaukar ɗalibai daga ƙasashe mambobinta a hedikwatarta ta Geneva da ofisoshin yanki da na ƙasashe, sharaɗin shi ne shekara 20 aƙalla, an kammala shekara 3 na karatun jami'a, kuma zaman daga sati 6 ne zuwa 24. Tun Janairun 2020 suka fara ba da alawus ga waɗanda aka ɗauka masu buƙata, kuma ba sa karɓar kuɗin fom. Ke da kike aji uku kinga baɗi kin shiga layi. Jami'ar EPFL a Lausanne ta ƙasar Suwizalan tana da shirin sati 8 na kimiyyar rayuwa, OIST a Okinawa ta Japan ma tana ɗaukar ɗalibai daga ko'ina, sai dai su biyun aikin lab ne, wato ɗakin gwaje-gwaje, in ba ki da sha'awar kwalabe da na'urori kar ki tilasta wa kanki don kawai a hau jirgi. Gasar kuma ba wasa ba ce, duniya ce gaba ɗaya ke neman 'yan kujeru.

Sai lokaci, wanda shi ne ke kayar da mutane da yawa. Aikin Yuni zuwa Agusta ake yi amma neman tun shekarar da ta gabata ake farawa. Mitacs a Satumba yake rufewa, RISE kafin ƙarshen shekara, na Amurka yawancinsu Janairu zuwa farkon Maris. Wanda ya tuna a Afrilu ya makara. Ki kuma duba kalandar jami'arki, in hutunku bai faɗo daidai da nasu ba sai kin nemi izini a rubuce tun da wuri, ba wanda zai ɗaga miki jarrabawa don kin samu gurbi. Kuma kar ki ɗora rayuwarki kan shiri ɗaya komai girmansa, NIH ɗin nan da kanta soke na 2025 ta yi bayan ɗalibai sun gama cike fom.

Amma ƙanwata duk wannan shimfiɗa ce. Abin da nake so ki riƙe shi ne, mene ne ainihin abin da ƙawarki zata dawo da shi a ƙarshen Agusta? In an cire hotuna da tambarin jami'ar, abu biyu ne: ƙaramin aiki guda da ta yi da hannunta har ya kai ƙarshe, da kuma malami guda da ya ga yadda take aiki wanda zai iya rubuta mata wasiƙar shaida ya faɗi abin da ya gani da idonsa. Waɗannan biyun ba sa buƙatar biza. Kuma su ne daidai abin da ya rasa a fom ɗinki na bana, don masu tantancewa sun san ɗan aji uku bai ƙware ba, abin da suke nema shi ne alamar cewa mutum ya taɓa kama abu bai sake ba. Maki na buɗe ƙofar farko ne kawai, bayan nan mai matsakaicin maki da ya gama aiki ɗaya ya sha gaban mai maki na sama da bai da abin faɗa sai "ina da matuƙar sha'awar taimakon al'umma", jimlar da suke karantawa sau ɗari a yini.

Saboda haka ki fara da inda kike. A sashenku akwai malamai da ɗaliban digiri na biyu da na uku da bayanai suka yi musu yawa, takardun tambayoyi a kwali ba wanda ya shigar da su kwamfuta, ko an shigar amma a hargitse. Ki shiga PubMed ko Google Scholar ki rubuta sunan malamanku ɗaya bayan ɗaya ki ga wa ya buga abu a shekara biyu-ukun nan, don shi ne aikinsa ke tafiya, ba lallai sai babban farfesan da kowa ke tsoro ba, sau da yawa ma ƙaramin lakcara ko mai digiri na uku ya fi samun lokacinki kuma ya fi buƙatarki. Ki zaɓi takardarsa ɗaya ki karanta ta tsaf, har teburan, ko da rabi kika fahimta.

Sannan saƙon. Wanda ɗalibai suka saba turawa shi ne "Ranka ya daɗe ina neman duk wata dama ta bincike da kake da ita, zan yi komai." Wannan aiki kika ba shi, sai ya zauna ya yi tunanin me zai yi da ke, shi ya sa ba ya amsawa. Naki ya zama gajere, layi shida ko bakwai: ki gaishe shi yadda ya kamata, ki faɗi sunanki da ajinki, ki ce kin karanta takardarsa kaza kan rigakafin yara kuma abin da ya tsaya miki shi ne me ya sa yaran da suka karɓi allurar farko da yawa ba sa dawowa ta uku, ki ce kina da hutu daga rana kaza zuwa rana kaza kuma zaki iya ba da awa kaza a sati, ki faɗi abin da kika iya da gaske (Excel, shigar da bayanai, neman takardu) ba ƙari, sannan ki roƙi minti goma sha biyar a ofis ɗinsa. Shikenan. In sati ya wuce shiru ki sake tuntuɓa sau ɗaya cikin ladabi, in har yanzu shiru ki wuce na gaba, ba raini ba ne, akwatin imel ɗin malamai abin tausayi ne. Ki kuma leƙa wajen jami'a, sashen lafiya na hukumar yankinku, asibitin koyarwa, ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke aikin lafiya, duk suna tara alƙaluma wata-wata kuma kaɗan ne ke da mai zama ya duba su.

In an ɗauke ki, ki shirya wa aikin da ba shi da armashi. Sati biyun farko wataƙila gyaran fayil kawai zaki yi, ki tarar an rubuta shekarun wata mata 250, ko namiji an cike masa gurbin yawan haihuwa, ko an rubuta sunan gari ɗaya ta hanya huɗu. Kar ki raina wannan. Mafi yawan lokacin mai binciken lafiyar al'umma a nan yake tafiya, kuma wanda ya iya shi da amana, yana rubuta duk gyaran da ya yi da dalilinsa ba ya goge abu a ɓoye, shi malami ke kira karo na biyu.

To in kowa ya yi shiru fa? Nan ne fanninku ya fi na masu lab sauƙi, don bayanai na gaske suna nan kyauta a intanet. Shirin DHS tun 1984 yake binciken gidaje kan haihuwa da lafiyar mata da yara a ƙasashe fiye da 90, rajista ake yi a faɗi abin da za a yi da bayanan, sai dai tallafin USAID, hukumar ba da agaji ta Amurka, da ke ɗauke da shi ya tsaya a farkon 2025 don haka kar ki dogara da shi kaɗai. UNICEF na da irinsa mai suna MICS tun tsakiyar shekarun 1990, ƙasashe fiye da 100. NHANES na Amurka kuwa, mai auna mutum kusan 5,000 duk shekara, kai tsaye ake saukewa ba rajista. Ki ɗauki ƙasa ɗaya, bincike ɗaya, tambaya ɗaya. Ɗaya fa na ce. Ɗalibai na son su ce "zan binciki matsalolin lafiyar mata masu juna biyu", wannan aikin rayuwa ne ba na hutu ba. Ki matse ta har ta zama kamar haka: a cikin matan da suka haihu a 'yan shekarun kafin binciken, shin waɗanda suka yi sakandare sun fi zuwa awo sau 4 ko fiye a kan waɗanda ba su yi makaranta ba? Wannan tana da amsa, kuma da kin fara zaki ci karo da abubuwan da aka yi ta faɗa muku a aji ba su zauna ba. Misali WHO a 2016 ta ɗaga shawararta daga zuwa awo sau 4 zuwa haɗuwa 8 da ma'aikacin lafiya, to da wanne zaki auna, kuma me ya sa? Sai ki ga matan da suka yi karatu su ne kuma suka fi zama a birni kusa da asibiti kuma gidajensu sun fi wadata, to karatun ne ke kai su awo ko kusancin asibitin ko abin hannun? Dole ki saka waɗannan a lissafi. Kuma tunda binciken lokaci ɗaya aka yi shi, iyakarki ki ce akwai alaƙa, ba zaki ce wannan ne ya jawo wancan ba, duk yadda bakinki ke ƙaiƙayi.

Ga wani tarko da kusan kowane sabon shiga ke faɗawa. Irin waɗannan binciken ba a ɗibar mutane daidai-wa-daida, ana ƙara ɗiba a yankuna masu ƙarancin jama'a don a samu isassun mutane, don haka kowace mace a fayil ɗin tana da lambar da ke nuna nauyin da za a ba amsarta. A fayil ɗin mata na DHS ginshiƙin da ke ɗauke da lambar nan shi ne v005, kuma sai an raba shi da 1,000,000 kafin a yi amfani da shi. In kika manta, kashi cikin ɗarin da zaki samu ba zai yi daidai da na rahoton ƙasar ba. Shi ya sa aikinki na farko shi ne ki buɗe rahoton da aka riga aka buga, ki zaɓi tebur ɗaya, ki yi ta fama har alƙalumanki su fito daidai da nasu. Ranar da suka yi daidai kin koyi abin da satifiket ɗin kamfanin can ba zai koya miki ba, kuma wallahi daɗin ranar daban ne.

Kayan aikin duk kyauta ne. R, manhajar lissafi da nazarin bayanai, zai ba ki haushi sati biyun farko, waƙafi ɗaya ya ɓata sai komai ya tsaya, ki daure. Zotero don adana takardun da kika karanta, KoboToolbox in wata rana zaki tsara takardar tambayoyi a waya. In takarda ta kulle sai an biya, ki tambayi laburaren jami'arku ko suna cikin Hinari, tsarin da WHO ta fara a 2002 don cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su samu mujallun lafiya kyauta ko da rahusa. Akwai kuma Cochrane Crowd, inda kowa zai iya shiga bayan ɗan horo ya taya tantance taƙaitattun bayanan bincike, a ware waɗanda gwaji ne na gaske da aka raba mutane ta hanyar ƙuri'a. Minti ashirin a rana can zai saba wa idonki da karanta takardun kimiyya fiye da zango guda na lakca.

Gargaɗi ɗaya da ba na wasa da shi: kar zumuɗi ya sa ki tsara tambayoyi ki fita kina yi wa mutane, ko ki roƙi wata ma'aikaciyar asibiti ta ɗaukar miki hoton rajistar marasa lafiya. Duk binciken da ya taɓa mutane ko bayanansu sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince tukuna, kuma sai mutanen sun yarda bayan an yi musu bayani. Ba ƙa'idar wahalarwa ba ce, tarihi ne ya haife ta. A Tuskegee ta jihar Alabama, hukumar lafiyar al'umma ta Amurka ta bi baƙaƙen fata maza 399 masu ciwon tunjere daga 1932 har 1972 ba a yi musu magani ba, har bayan an samu fenisilin, don kawai a ga yadda ciwon ke cin mutum. Ma'aikatan lafiyar al'umma ne suka yi fa, fanninki. Sanarwar Helsinki ta 1964 da rahoton Belmont na 1979 su ne ginshiƙan ƙa'idojin da ake bi yanzu. Ki yi kwas ɗin ɗa'ar bincike na TRREE ko na The Global Health Network, kyauta ne ta intanet kuma suna ba da satifiket, ga satifiket ɗin da kike so nan ba tare da Baba ya ci bashi ba, kuma shi masu tantancewa sun san shi. Ko da bayanan intanet ɗin zaki yi aiki, ki sanar da wani malami a sashenku, wasu jami'o'in suna son a rubuta musu ko da sunayen mutane ba sa ciki.

Kafin hutu ya ƙare ki rubuta abin da kika samu, shafi huɗu ko biyar sun isa: tambayar, inda bayanan suka fito, yadda kika yi, tebur biyu, abin da kika gani da kuma inda aikin ya gaza. Wannan na ƙarshen kar ki ɓoye shi, shi ke nuna kin fahimci abin da kika yi. Akwai jerin ƙa'idojin rubuta irin wannan binciken mai suna STROBE, ki ajiye shi a gefe kina dubawa. Sai ki kai wa malamin nan da bai amsa imel ɗinki ba. Ɗalibar da ta shigo da shafi biyar a hannu ta ce Malam dan Allah duba min inda na kauce, ba irin kallon mai neman "duk wata dama" ake mata ba. Daga nan fosta a taron ɗalibai na iya fitowa, ko ma aikin ya zama tushen firojet ɗinki na aji huɗu, kin rage wa kanki wahala.

In kuma aikin malami kika taya, ki yi maganar suna tun farko cikin ladabi, ki tambaya in aikin ya kai ga bugawa me ake buƙata daga gare ki kafin sunanki ya shiga. Ba rashin kunya ba ne, kuma rikicin ya girme mu duka. Charles Best ɗalibi ne da ya gama digirin farko kenan aka haɗa shi da Frederick Banting aikin hutun bazara na 1921 a Jami'ar Toronto, aikin da ya kai ga samo insulin na masu ciwon suga, amma da kyautar Nobel ta zo a 1923 Banting da John Macleod, farfesan da aka yi aikin a ɗakin gwajinsa, aka ba, sai Banting ne ya raba nasa kason da Best. Ki sani kuma shigar da bayanai kaɗai sau da yawa godiya ake yi wa mutum a ƙarshen takarda ba a sa shi cikin marubuta, in kina son fiye da haka ki nemi a ba ki wani ɓangare na nazarin ko rubutun.

Idan Satumba ta zo ki buɗe fayil guda ki jera shirye-shiryen da kika tabbatar kin cancanta kawai, da ranar rufewar kowanne da abin da suke so. Ki nemi takardar sakamakonki tun da wuri don ofisoshin jami'a ba sa sauri a ko'ina. Mai rubuta miki wasiƙar shaida ki ba shi wata guda cur, ki haɗa masa da CV da shafi biyar ɗin nan da bayanin shirin, ki tambaye shi kai tsaye ko zai iya rubuta mai ƙarfi, in ya yi jim ki gode masa ki nemi wani. Wasiƙar malamin da ya ce "ta gano kuskure a fayil ɗinmu wanda mu ba mu gani ba" ta fi ta shugaban tsangaya da bai san fuskarki ba. Bayanin kanki kuma ki fara shi da tambayar awon nan da abin da ya ba ki mamaki a ciki, ki bar zancen tun ina ƙarama nake mafarki.

Ƙawarki kuwa, abin da kike ji ba laifi ba ne muddin bai koma baƙin ciki ba, kuma ita ce mafi kusa da ke da ta san yadda fom ɗin da ya yi nasara yake. Ki roƙe ta ta nuna miki abin da ta rubuta, in ta je can ta tambayar miki ko malaminta na da aikin da za a iya taya shi daga nesa, don nazarin bayanai da tace takardu ba sa buƙatar mutum ya kasance a ɗakin. Baba kuma ki gode masa sosai ki ce masa ya riƙe kuɗinsa tukuna, in ma za a kashe wani abu a hutun nan to data ce da kwamfutar da zata iya ɗaukar R, sauran a ajiye don fasfo da biza in na baɗi ya faɗo, tunda ko shirin da ke biyan tikiti da masauki wani lokacin sai kin fara kashewa daga aljihu kafin su mayar miki. In kin zaɓi tambayarki ki turo min in gani ko ta matsu yadda ya kamata.